Yadda Asibiti da Ma'aikatansa Za Su Shirya Kafin Ɓarkewar Zazzaɓi Mai Sa Zubar Jini

Duk wanda ya bibiyi tarihin cututtukan da ake kira zazzaɓi mai sa zubar jini, wato Lassa da Ebola da Marburg da zazzaɓin Kirimiya-Kwango da danginsu, zai ga cewa sau tari a cikin asibiti suke yin ƙarfi, kuma masu jinya ne suke fara rasa rayukansu. A 1969, lokacin da aka gano zazzaɓin Lassa, mutum ukun farko da aka san sun kamu duk ma'aikatan jinya ne, biyu daga cikinsu suka rasu, sannan a shekarar da ta biyo baya Dokta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ita ma cutar ta yi ajalinta. A Yambuku ta ƙasar Kwango, a 1976, 'yan sirinjin da ake yi wa jama'a allura da su ba tare da an dafa su ba ne suka watsa Ebola, har mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu. A annobar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016 an ƙidaya ma'aikatan lafiya 881 da suka kamu a Gini da Saliyo da Laberiya, 513 daga cikinsu suka rasu. Ko a Ruwanda a 2024, inda aka yi hanzarin shawo kan Marburg, mafi yawan mutum 66 da suka kamu ma'aikatan asibiti ne.

Abin da ya kamata ya tsaya wa shugaban asibiti a rai shi ne wurin da waɗannan bayin Allah suka ɗauki cutar. Da yawansu ba a cibiyar killacewa ba ne, inda kowa ke lulluɓe daga kai har ƙafa yana sane da haɗarin da ke gabansa. A ɗakin karɓar marasa lafiya ne, da ɗakin haihuwa, da ɗakin tiyata, da ɗakin gwaji, a kwanakin da ake ta yi wa majinyaci maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, tun kafin wani ya ambaci sunan ainihin cutar. Saboda haka shirin da ake magana a kansa a nan aiki ne na ranakun da ake zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: a san wanda nauyin ke kansa

Asibiti ya naɗa mutum ɗaya, da sunansa, a matsayin mai kula da hana yaɗuwar cuta, ya kuma naɗa masa mataimaki da zai tsaya a madadinsa idan ba ya nan. Kwamiti yana da amfani, amma ba kwamiti ake tasa daga barci da ƙarfe biyun dare ba. A ba wannan jami'i ikon buɗe ɗakin ajiyar kaya da ikon dakatar da kowane aiki da ya ga yana da haɗari, ko da babban likita ne ke yin sa.

Shi ne zai rubuta tsari mai shafi ɗaya da za a manna a ƙofar shiga da ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa da ɗakin gwaji. Takardar ta ƙunshi alamomin da ke sa a yi zargi, da wurin da za a kai majinyaci, da lambar wayar jami'in sa ido kan cututtuka na yankin, da ɗakin gwajin da aka amince ya karɓi irin wannan samfuri, da cibiyar da ake tura majinyata. A kira waɗannan lambobi lokaci-lokaci don a tabbatar suna aiki, domin ana sauya wa jami'ai wurin aiki, lambar bara kuma ba lallai ta shiga bana ba.

Mataki na biyu: tantancewa a bakin ƙofa

Idan asibiti ba zai iya yin komai ba sai abu guda, to ya yi wannan. Sunan da aka laƙaba wa cututtukan nan yana yaudarar ma'aikata, domin yana sa su jira ganin jini, alhali zubar jini kan zo ne a makare, kuma majinyata da yawa har su warke ko su mutu ba a ga ɗigo ɗaya ba. Abin da ake gani a kwanakin farko shi ne zazzaɓi, da ciwon kai, da kasala mai tsanani, da ciwon gaɓoɓi da na maƙogwaro, daga baya amai da gudawa da ciwon ciki su biyo, wani lokaci da jan ido ko shaƙuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a gani kullum a kowane asibiti. Tambaya ce ke bambance su, ba duban ido ba.

A rage hanyoyin shiga asibiti su koma ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, a ajiye wurin wanke hannu da tebur a bakin kowace. Mai tantancewa ya zauna nesa da wanda yake tambaya da aƙalla mita ɗaya, ya auna zafin jiki da ma'aunin da ba ya taɓa fata, kada kuma ya taɓa mutum ko kayansa. Idan zafin ya kai digiri 38, ko mutum ya ce ya yi zazzaɓi a 'yan kwanakin nan, sai a tambaye shi game da kwana 21 da suka wuce, domin wannan ne mafi tsawon lokacin da Lassa da Ebola da Marburg ke ɓuya a jiki kafin su bayyana. Ya je yankin da ake fama da cutar? Ya yi jinyar wani mai irin wannan ciwo, ko ya taɓa gawar wanda ya mutu ba a san musabbabi ba? Akwai wasu da suka kwanta ko suka mutu a gidansu kusa da kusa? Shi ma'aikacin lafiya ne? Ya yi mu'amala da ɓeraye ko abincin da suka ɓata, wanda shi ne hanyar Lassa, ko ya shiga kogo ko ramin haƙar ma'adinai mai jemagu, wanda shi ne hanyar Marburg, ko kaska ta cije shi, ko ya yi aikin yanka da fiɗa, wanda shi ne hanyar zazzaɓin Kirimiya-Kwango?

Akwai tarko guda da ya ci ma'aikata da yawa, shi ne gwajin zazzaɓin cizon sauro. A wuraren da sauro ya yi katutu, mutum na iya ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda, don haka fitowar gwajin ba ta wanke shi daga zargi ba. Majinyacin da aka ba shi cikakken maganin cizon sauro ko na ƙwayoyin cuta har kwana biyu zuwa uku zazzaɓin bai sauka ba, a sake zama a yi masa tambayoyin nan daga farko. Haka nan tantancewa ba ta ƙare a ƙofa, domin wanda aka kwantar saboda karaya ko haihuwa yana iya fara zazzaɓi a kan gado bayan kwana biyar. A riƙa auna zafin duk majinyatan da ke kwance aƙalla sau biyu a rana, a kuma saurari nas ɗin da ta ce ba ta gamsu da yanayin wani ba.

Abin da ya faru a Legas ya nuna darajar zargin likita ɗaya. A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka ba shi da lafiya, aka fara yi masa maganin cizon sauro. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola, ta sanar da hukuma, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Duk da cewa birni ne mai miliyoyin mutane, annobar ta tsaya a kan mutum 20 a duk faɗin ƙasar, takwas suka rasu har da ita kanta, kuma a ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar.

Mataki na uku: ɗakin killacewa

Da zarar an yi zargi, a kai majinyaci ɗakin da aka keɓe ta hanyar da ba ta ratsa cikin jama'a, sannan a kira jami'in sa ido nan take ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Ba a buƙatar gini na musamman. Ɗaki ɗaya mai iska, mai ƙofar da ke rufuwa, mai banɗakinsa shi kaɗai ko bokiti mai murfi, ya wadatar da ƙaramin asibiti na kwana ɗaya ko biyu kafin a tura majinyaci gaba. Katifa ta kasance mai rufin roba da ake iya gogewa, a fitar da labule da duk wani tarkacen da ba ya wankuwa. Ma'aunin zafi da na hawan jini da abin sauraren ƙirji su zama na ɗakin ne kawai, ba sa fita. Takardun majinyaci da alƙalami da wayar hannu kuwa ba sa shiga. Wanda ke ciki ya riƙa faɗa, na waje yana rubutawa.

A shata wurin gida biyu da fenti ko igiya: ɓangare mai tsafta inda ake sanya kayan kariya, da ɓangare mai haɗari inda majinyaci yake, sannan wurin cire kaya ya kasance dabam da wurin sanya su. Tafiya ta zama ta fuska ɗaya, daga mai tsafta zuwa mai haɗari, babu komawa da baya. Idan waɗanda ake zargi sun fi ɗaya, a raba gadajensu da aƙalla mita ɗaya, kuma kada a haɗa wanda ake zargi da wanda aka tabbatar, domin da yawa daga cikin waɗanda ake zargi za a gano cizon sauro ne kawai ke damunsu, zalunci ne kuwa mutum ya zo da ciwo ɗaya ya koma da wanda ya fi shi. A ajiye littafi a ƙofa da za a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa.

Ina ganin ya dace a tanadi taga ko shinge inda dangi za su tsaya daga nesa su ga ɗan'uwansu su yi magana da shi. Iyalin da aka hana gani sukan ɗauka ana ɓoye musu wani abu, daga nan ne ake fara sace majinyaci da dare a mayar da shi gida.

Mataki na huɗu: ruwa, sabulu da kulorin

Kariyar da ta fi ceton rai ita ce wadda ake yi wa kowane majinyaci kullum, ko ana annoba ko ba a yi: wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, sanya safar hannu a duk inda za a taɓa jini ko wani ruwan jiki, sauya ta tsakanin majinyaci da majinyaci, allura ɗaya ga mutum ɗaya, da jefa ta cikin akwatin allurai nan take ba tare da an mayar mata da murfi ba. Wankin hannu da ruwa da sabulu yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa man tsaftace hannu kuwa daƙiƙa 20 zuwa 30, amma idan hannu ya ɓaci da datti da ake gani sai ruwa da sabulu. Asibitin da famfonsa ba ya kawo ruwa ya tanadi bokiti mai famfo a kowane ɗaki, ya kuma ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin cika shi.

Ana haɗa kulorin ƙarfi biyu. Mai ƙarfin, wato kashi 0.5 cikin ɗari, na goge ƙasa da gado da bokitai da wurin da jini ko amai ya zuba ne. Mai sauƙin, kashi 0.05 cikin ɗari, na jiƙa zannuwan gado ne bayan an wanke su, da kuma wanke hannu idan sabulu da man tsaftacewa sun yanke. A duba jikin kwalbar bilic a ga ƙarfinsa: idan kashi 5 ne, kofi ɗaya na bilic da kofi tara na ruwa suna ba da mai ƙarfin, idan kashi 3.5 ne, kofi ɗaya da kofi shida na ruwa. Kofi ɗaya na mai ƙarfin a cikin kofi tara na ruwa shi ke ba da mai sauƙin. A zuba su a bokitai masu launi dabam-dabam da rubutu a jiki, a rufe, a kawar da su daga rana, a kuma haɗa sabo kowace safiya domin ƙarfinsa na raguwa. Datti yana kashe ƙarfin kulorin, saboda haka a fara kwashe abin da ya zuba da tsumma mai tsotsewa, a wanke wurin da sabulu, sannan a shafa kulorin a bar shi aƙalla minti 10. Gogewa ta fi feshi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2023 ta yi hani da fesa wa ma'aikaci kulorin a jiki lokacin da yake cire kaya.

Mataki na biyar: sanya kayan kariya da cire su

Cikakken kaya ya ƙunshi rigar aiki ta ciki, da takalmin roba mai tsawo, da safar hannu biyu, da rigar kariya da ruwa ba ya ratsawa, da takunkumi, da tabarau ko garkuwar fuska, da hular da ke rufe kai da wuya, da rigar gaba ta roba. Kafin a sanya, mutum ya ci abinci, ya sha ruwa, ya kewaya, ya cire agogo da zobe da 'yan kunne, ya fitar da komai daga aljihu. Wani abokin aiki ya tsaya ya duba shi gaba da baya, ya tabbatar babu fatar da ke waje, ya rubuta masa sunansa da lokacin shigarsa a gaban riga. Ba a shiga mutum ɗaya, sai biyu-biyu. A wuri mai zafi, bayan kimanin awa ɗaya gumi ya cika takalmi, tabarau ya yi hazo, hankali ya fara raguwa, don haka a tsara duk abin da za a yi tun daga waje, a shiga da kayan aiki cikakku, a fito kafin gajiya ta yi yawa. Tabarau da ya zame ko takunkumin da ya jiƙe ba a gyara su a ciki, fita ake yi.

Gaggawa ba ta halatta rage kaya. An ruwaito cewa Dokta Matthew Lukwiya, wanda ya jagoranci yaƙi da Ebola a asibitin Lacor da ke Gulu ta Yuganda a 2000, kuma wanda ya fi kowa a wurin sanin ƙa'ida, ya kamu ne a daren da aka tashe shi don ya taimaki wani nas da ciwon ya galabaita, ya shiga ba tare da kariyar ido ba. Ya rasu a watan Disamba na wannan shekara. Minti biyar ɗin da za a ɓata wajen kammala shiri suna da nauyi a zuciyar mai tausayi, amma dole ne a ɓata su.

Cirewa ta fi sanyawa haɗari nesa ba kusa ba, domin a lokacin kayan sun riga sun ɓaci, mai su kuma ya gaji yana ɗokin shan iska. Saboda haka ba a barin mutum ya cire da ka. Mai lura ya tsaya a ɓangare mai tsafta riƙe da takarda, yana karanta mataki ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, mai cirewa kuma ba ya motsi sai ya ji umarni. Ga yadda jerin yake ga mai sanye da rigar da ta haɗe sama da ƙasa. Zai fara tsaftace hannunsa da safar a jiki. Sai ya sunkuya gaba ya cire rigar gaba ta roba, yana naɗe ta nesa da jikinsa ba tare da ya taɓa gabanta ba. Sai hula, yana kama ta daga ƙasa ta baya yana juyo cikinta waje. Sai ya ɗaga haɓa, ya lalubo zip ya zuge shi har ƙasa, ya saɓule rigar daga kafaɗa yana naɗe ta ciki na komawa waje, safar hannu ta sama ta fita tare da hannun rigar, ya ƙarasa fitar da ita ta hanyar taka ta da takalminsa. Sai tabarau, ta igiyarsa ta bayan kai. Sai takunkumi, igiyar ƙasa kafin ta sama, ba tare da taɓa gabansa ba. Sai takalmi, ba da hannu ba. Safar ciki ita ce ta ƙarshe. Tsakanin kowane mataki da mai bi masa akwai tsaftace hannu, kuma bayan an cire safar ciki sai a wanke hannu tsirara.

Kuskuren da aka fi yi ƙarami ne ƙwarai: gumi ya gangaro ido bayan an cire tabarau, hannu ya tashi da kansa zai share. Aikin mai lura ke nan ya ga hannun tun yana tasowa ya ce a tsaya. Wannan horo ya shafi masu shara da masu wanki da direban motar asibiti da ma'aikatan ɗakin ajiye gawa daidai da yadda ya shafi likita, har ma su ne suka fi kowa taɓa abin da ya fi haɗari, su ne kuma aka fi mantawa da su ranar bita.

Mataki na shida: ɗaukar samfuri

Wanda ya ƙware ne kawai zai ɗebi jini, cikin cikakken kaya, da mataimaki, da haske isasshe, da akwatin allurai a kusa da hannunsa. A rubuta bayanin majinyaci a jikin kwalbar roba tun kafin a shiga. A goge bayanta da kulorin, a naɗe ta da abin tsotse ruwa, a sa ta cikin mazubi na biyu da ba ya yoyo, sannan cikin akwati na uku mai ƙwari, a ajiye da sanyi, a kuma sanar da ɗakin gwajin kafin samfurin ya tashi. A taƙaita sauran gwaje-gwaje zuwa waɗanda ba makawa, kuma kada jinin wanda ake zargi ya isa ɗakin gwajin asibiti ba tare da an gaya wa ma'aikatansa ba. Idan an ɗebi jinin kafin alamomi su cika awa 72 kuma gwajin ya nuna babu cuta, kada a sallami majinyaci tukuna, sai an maimaita, domin a farkon ciwo ƙwayar cutar ba ta yi yawan da na'ura za ta gan ta ba.

Mataki na bakwai: jinya ta gaskiya

Killacewa ba yasarwa ba ce. Abin da ke kashe da yawa daga cikin majinyatan nan shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki ta amai da gudawa, da faɗuwar jini, da gazawar ƙoda, kuma duk waɗannan ana iya yaƙar su. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga awar farko, a ajiye shi inda hannun majinyaci zai kai, a yi ƙarin ruwa ta jijiya ga wanda ba ya iya sha, a riƙa lura da yawan fitsari da sukarin jini. A yi maganin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta idan akwai dalili. Don zazzaɓi da ciwo a ba da farasitamol, a guji asfirin da ibuprofen da diclofenac domin suna ƙara zubar jini suna kuma wahalar da ƙoda, a rage allurar tsoka gwargwadon iko.

Ga Lassa an daɗe ana amfani da ribavirin, kuma an fi sa ran amfaninsa idan an fara shi a kwana shida na farko. Ga Ebola nau'in Zayar, wanda yake ɗaya daga cikin nau'o'in cutar, akwai magunguna biyu, Inmazeb da Ebanga, da aka amince da su a 2020. Ya kamata asibiti ya san tun yanzu ta hannun wa ake samun su.

Ɗakin haihuwa na buƙatar kulawa ta musamman. Mace mai ciki da ta zo da zazzaɓi da zubar jini ko ɓari tana kama da abin da ungozoma ke gani kowane mako, ga jini da ruwan haihuwa da mabiyiya duk cike da ƙwayar cuta idan tana ɗauke da ita. Lassa a watanni ukun ƙarshe na ciki tana da muni ƙwarai, fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'ya'yan ba sa rayuwa. Don haka ungozoma ta yi tambayoyin nan na kwana 21 kafin ta sa hannu, ta kuma saba da doguwar safar hannu da rigar roba da kariyar fuska a kowace haihuwa. Haka likitan tiyata ya yi tunani sau biyu kafin ya buɗe cikin mai zazzaɓin da ba a san kansa ba. A garin Kikwit na ƙasar Kwango a 1995 tiyata irin wannan ce ta baza Ebola cikin ma'aikatan asibiti.

Mataki na takwas: shara da gawa

Duk abin da ya fito daga ɗakin killacewa shara ce mai haɗari. A sa ta cikin leda biyu masu kauri, a ɗaure tun ba ta cika ba, a ɗauke ta nesa da jiki, a ƙone ta a tanderun ƙona shara ko a rami mai shinge a ranar. Akwatin allurai a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu.

Gawar wanda ya mutu da Ebola ko Marburg ta fi mai rai yaɗa cuta, domin a lokacin ne ƙwayar ta fi yawa a jiki. Ba a yi mata binciken gawa, ba a taɓa ta sai da cikakken kaya, kuma ayarin da aka horar ne zai ɗauki samfuri daga cikin baki, ya sa ta a jakar gawa, ya kai ta makwanci. Kafin a yi komai a zauna da iyali da malamin addininsu a yi musu bayani da ladabi, a ba su damar ganin fuskar mamacinsu daga nesa, su yi masa addu'a, su raka shi, su san inda aka binne shi.

Mataki na tara: idan ma'aikaci ya yi haɗari

Wanda allura ta soke shi, ko ruwan jiki ya fallatsa masa a ido ko baki, ya dakatar da aiki, ya fita ta hanyar cire kaya yadda aka saba ba tare da gudu ba, ya wanke raunin da ruwa da sabulu ba tare da matse shi ba, ido kuwa ya ɗauraye shi da ruwa mai yawa, sannan ya sanar da jami'in hana yaɗuwar cuta nan take. Za a riƙa auna zafinsa sau biyu a rana har kwana 21, shi da duk wanda ya taɓa majinyacin kafin a yi zargi. Wannan ba zai yiwu ba sai shugabanni sun bayyana a fili cewa babu tsawa, babu yanke albashi, babu kora ga wanda ya faɗi kuskurensa ko ya ce yana jin zazzaɓi. Ma'aikacin da ke tsoron hukunci zai haɗiyi farasitamol ya ci gaba da zagaya majinyata, shi ne kuwa mafi haɗarin mutum a asibitin.

Inda ake fargabar Ebola nau'in Zayar, a nemi rigakafin Ervebo ga ma'aikatan gaba-gaba, allura ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2019. A tuna cewa ba ta kare mutum daga nau'in Sudan ko Marburg ko Lassa, don haka wanda aka yi wa ita bai samu izinin rage kaya ba. A kuma tsara hutu da abinci da wurin kwana ga masu aikin killacewa, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, a samar musu wanda za su yi magana da shi, domin wasunsu maƙwabta kan guje su, wasu ma iyalinsu kan roƙe su su ajiye aikin.

Mataki na goma: atisaye da abin da ke biyo bayan annoba

Aƙalla sau ɗaya a wata uku, a turo wani ya zo ƙofa a matsayin majinyaci ba tare da an sanar da ma'aikata ba, wani lokaci da dare ko ranar hutu. A riƙe agogo a ga minti nawa aka ɗauka kafin a yi masa tambayar tafiya, mutum nawa suka taɓa shi, a hannun wa mabuɗin ɗakin killacewa yake, ko akwai safar hannu daidai da hannun nas ɗin da ke bakin aiki. Don gwada cire kaya, a shafa ɗan launi mai wankuwa a gaban riga da safar hannu, bayan an gama a duba wuya da goshi da tsintsiyar hannu a ga inda ya taɓa. A ƙirga kayan ajiya kowane wata, a duba ranar lalacewarsu, a lissafa su da yawan shigar da ake yi a rana, domin majinyaci ɗaya kan cinye kaya masu yawa kafin gari ya waye.

Ba a bayyana ƙarshen annobar Ebola ko Marburg sai an yi kwana 42 bayan majinyaci na ƙarshe, don haka teburin tantancewa ya ci gaba da zama a ƙofa har lokacin. Waɗanda suka warke kuma a ba su ranar dawowa: a gwada jin wanda ya tashi daga Lassa, domin kusan ɗaya cikin huɗu kan samu matsalar ji, a duba idon wanda ya tashi daga Ebola, a kuma shawarci maza su yi amfani da kwaroron roba har sai gwajin maniyyi ya nuna sau biyu cewa ƙwayar cutar ta fita.